Aiki Ya Ɓaci: A Yafe Ko A Karɓi Kuɗi?

  

A wannan fitowar ina so mu tattauna a kan wata tambaya da kusan kowace matar aure ta taɓa cin karo da ita, ko a wurin tela, ko wurin mai rini, ko kafinta, ko mai ɗinkin labule. Kin ba da aiki, kin biya kuɗi, an kawo miki abin da ba shi kika ce ba. Shin ki koma ki nemi kuɗinki, ko ki yi shiru ki ce kin yafe? Wanne ya fi kusa da tsoron Allah? Da can ina ganin amsar a fili take, ai yafiya ta fi. Sai da abin ya faɗo kaina na gane akwai sauran magana.

Ni ce ma'ajin kwamitin iyaye mata na Islamiyyar unguwarmu. Da saukar karatun bara ta matso, muka yanke shawarar a ɗinka wa 'yan mata hijabai iri ɗaya, yara maza kuma a yi musu rigunan tishat masu sunan makaranta, da Larabci a gaba, da boko a baya. Riguna 60, kowace a kan naira 4,500: naira 3,000 kuɗin riga, naira 1,500 kuɗin buga rubutu. Jimla naira 270,000. Kowace uwa ta kawo na ɗanta. A cikinmu akwai wata baiwar Allah da mijinta ya rasu, da kaskon ƙosai take riƙe da gida, ta biya wa yara biyu naira 9,000 a cikin mako uku, duk da canji-canji.

Aikin kuwa ni na kai shi shagon wani matashi, ɗan maƙwabciyarmu, wanda a gabana aka haife shi, kuma shi ke ciyar da mahaifiyarsa da ƙannensa. Na ba shi kafin alƙalami naira 180,000. Ana gobe sauka, bayan sallar isha'i, ya kawo kaya a buhu biyu, ga shi an ɗauke wuta. Na haska fitilar waya na ƙirga, sun cika sittin, na ba shi cikon kuɗinsa har da sa albarka.

Da safe yara suka sa riguna. Malamin Larabci ne ya fara kirana gefe, ya ce, "Hajiya, wa ya yi wannan rubutun?" Na duba da kyau, sai gabana ya faɗi. Sunan makaranta ya fito a juye, daga hagu zuwa dama, haruffan kuma kowanne a ware, babu wanda ya haɗu da ɗan uwansa. A makarantar da ake yaye mahaddata! Haka aka yi taro, baƙi suna kallo, wasu suna murmushi. Kafin la'asar fentin ya fara tsagewa a ƙirjin yara. Wankin farko kuwa ya tafi da rabin rubutun, sai dabbare-dabbare.

Washegari gidana ya cika. Iyaye suka rabu gida biyu. Wasu suka ce a kai shi Hisba, wata ma ta ce a ɗauki hoton rigunan a sa a Facebook kowa ya san shi. Wasu kuma suka ce, "Haba, ɗan maƙwabta ne, maraya ne, a bar shi da Allah kawai." Maigidana da ya ga raina ya ɓaci, sai ya ce, "Ki rabu da yaron nan, kada a ɓata zumuncin shekara ashirin a kan riga. In kuɗin ne, ni zan biya." Na yi masa godiya, amma na kwana ina juyi. Zuciyata ta ƙi yarda da ko ɗaya daga cikin shawarwarin nan uku, kuma a lokacin ban iya faɗin dalili ba.

Mu fara da shirun da muke kira yafiya. Mu Hausawa an raine mu da kunya da kara da kawaici, kuma alhamdu lillahi, ado ne ga mace. Manzon Allah (SAW) ya sanar da mu cewa kunya reshe ce ta imani. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, sau nawa muke cewa "babu komai" a gaban tela, mu dawo gida mu yi wata guda muna zancensa? A gidan suna a faɗa, a gidan biki a faɗa, a waya a faɗa wa 'yar uwa da ke wani gari. Shi bai san an yi ba, yana can yana ganin Hajiya ta ji daɗin aiki, alhali an gama da sunansa a unguwa. Wadda ta yafe da gaske ba ta sake ɗaga maganar. Wannan da muke yi ta ciki na ciki ne, kuma ribar da muka samu ita ce ga asarar kuɗi ga zunubin gulma.

Sai kuma kalmar nan ta "a bar shi da Allah". Na zauna na yi tunanin ma'anarta, sai jikina ya yi sanyi. Duk wadda ta ce ta bar mutum da Allah, ai ba ta sauke ƙarar ba, ɗaga ta ta yi zuwa ranar da babu naira babu kwabo. A cikin hadisin da Buhari ya ruwaito daga Abu Huraira, Annabi (SAW) ya umarci duk wanda ke riƙe da haƙƙin ɗan uwansa da ya nemi warwarewa tun a nan duniya, kafin ranar da za a biya da kyawawan ayyuka, in sun ƙare a ɗebo zunuban mai haƙƙi a ɗora masa. To don Allah, wa ya fi tausaya wa yaron nan: wadda ta je shagonsa ta ce ɗana ga abin da ya faru, zo mu daidaita, ko wadda ta yi masa murmushi ta ajiye masa shari'a a lahira? Wani lokacin jin nauyin da muke ji kanmu muke karewa daga ɓacin rai na minti goma, shi kuma mu bar shi da nauyi mai tsawo.

Da na kai maganar wurin malamarmu ta tafsirin ranar Asabar, tambaya ɗaya ta yi mini: "Kuɗin na waye?" Na ce na iyaye ne. Ta ce, "To da izinin wa za ki yafe?" Nan na yi shiru. Mutum yana kyauta da abin da ya mallaka ne. Allah Maɗaukaki ya umarce mu a Suratun Nisa'i, aya ta 58, da mu mayar da amana ga masu ita. Ni amana aka ba ni. Da na ce na yafe, da na sayi sunan kirki a wurin maƙwabciyata da guminta mai ƙosai, wadda ba ta ma iya ɗaga murya a taro. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin yawancin kuɗin da ke bi ta hannun matar aure ba nata ba ne ita kaɗai: kuɗin cefane na maigida ne, kuɗin anko na ƙawaye ne, kuɗin adashe na 'yan adashe ne, kuɗin ƙungiya na mambobi ne. Kafin ki ce "a bar shi", ki fara tambayar kanki ko ke ce mai cewa a bari.

Tayin maigidana ma na sake duba shi. Alheri ne, kuma da ya toshe asarar iyaye. Amma da ya bar abu biyu a buɗe. Yaron ba zai san girman ɓarnar da ya yi ba, sannan makaranta ta gaba da za ta kai masa aiki ita ma haka zai yi mata. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Yanzu bari mu ga abin da shari'a ta tanada, domin wasunmu suna zaton neman a mayar da kuɗi ɗabi'ar 'yan boko ce, ko rashin tawakkali. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya wuce ta wurin wani mai sayar da abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa mai albarka cikin tsibin, sai ya ji danshi. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi (SAW) ya tambaye shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya bayyana cewa mai algus ba ya cikinmu. Ki lura, ba a zargi mutumin da saukar da ruwan sama ba. Ɓoyewar ce laifin. Haka kuma hukuncin dabbar da aka ƙi tatsa kwana da kwanaki don hantsarta ta cika a yaudari mai saye: an ba mai sayen zaɓi har kwana uku, in ya so ya riƙe, in ya so ya mayar tare da sa'i ɗaya na dabino a madadin nonon da ya tatsa. Dubi adalci, an mayar wa wanda aka cuta kuɗinsa, shi ma macucin ba a ci nononsa a banza ba.

Daga irin waɗannan ne malamai suka fitar da abin da suke kira zaɓin aibi. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, littafin da ake karantawa a zaurukanmu tun kaka da kakanni, an yi bayanin cewa wanda ya sayi abu ya tarar da aibi a ciki yana da zaɓi, ko ya riƙe a yadda yake, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Idan kuwa kayan sun riga sun sami wata tawaya a hannunsa, yana iya riƙewa a biya shi gwargwadon abin da tsohon aibin ya rage wa kayan daraja, ko ya mayar ya biya tawayar da ta auku a wurinsa. Littafin ya kuma nuna cewa masu sana'a, irin tela da marini, suna lamunin kayan mutane da suka tafi da su wurin aikinsu. Malaman Malikiyya sun ce an yi haka ne don maslahar jama'a, domin in ba a ɗora musu ba, dukiyar mutane za ta riƙa salwanta kowa ya ce tsautsayi ne.

Shi kuwa irin cinikinmu, wato ki sa a ƙera miki abin da babu shi tukuna, kayan aikin ma daga wurin mai sana'ar, sunansa istisna'i a fiƙihu. Ba sabon abu ba ne. Annabi (SAW) ya sa an ƙera masa zobe, kuma ya aika wa wata mata mai bawa kafinta a yi masa mumbari. A shekarar 1992, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na bakwai a Jidda, ta yanke cewa wannan ciniki yana ɗaure ɓangarorin biyu matuƙar an fayyace irin abin, da yawansa, da siffarsa, da lokacin da za a kawo. Ma'ana, in an kawo yadda kika siffanta, ba ki da ikon cewa kin fasa don kin ga wani ya fi araha. In kuma an saɓa siffar, shi ma ba shi da ikon cewa dole ki karɓa. Hausawa sun gama maganar tuntuni: kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Dokar ƙasa ma ba ta saɓa wa wannan ba. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ita ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar majalisar da aka kafa a 1992. Ta ba wanda aka yi wa aiki marar inganci damar ya nemi a gyara, ko a mayar masa da wani kaso na kuɗinsa daidai da gazawar aikin. A nan Kano akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta jiha, ga kuma Hukumar Hisba da aka kafa da doka a 2003, wadda sulhu tsakanin mutane yana cikin manyan ayyukanta. Na kawo wannan ne don 'yar uwa ta san ƙofofin suna nan, ba don a fara da su ba.

To amma fa, samun haƙƙi daban, yadda ake karɓarsa daban. Masu cewa a sa shi a Facebook su ma ban bi su ba. A Suratush Shura, daga aya ta 40 zuwa ta 43, Allah ya nuna cewa babu laifi a kan wanda ya nemi haƙƙinsa bayan an zalunce shi, amma sakamakon cuta gwargwadonta ne, kuma wanda ya yafe ya gyara ladansa yana wurin Allah. Gwargwadonta. Ɓarnar da yaron nan ya yi mana ba ta wuce ta naira 90,000 ba. Hoto ɗaya a intanet yana iya rufe masa shago har abada, kuma ko mun shirya daga baya hoton ba zai dawo ba. Wadda aka ci wa dubu casa'in ta rusa sana'ar mutum gaba ɗaya, ta tashi daga wadda aka zalunta ta koma azzaluma. Buhari ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi (SAW) ya roƙa wa mutum mai sauƙin hali rahama, in zai sayar, in zai saya, da in zai nemi a biya shi. Kin ga an ambaci neman biya a cikin addu'ar. Ba a ce kada ya nema ba, an ce ya nema da sauƙi.

Akwai kuma abin da na fi jin nauyin faɗa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ina cikin shirin zuwa shagon, sai na buɗe wayata don in nemo saƙonninmu su zama hujja. Me zan gani? Kwana biyar kafin sauka, yaron ya turo mini hoton samfur ta WhatsApp, ya rubuta, "Mama a duba." Ni kuma ina tsakiyar girki, ban ko buɗe hoton ya yi girma ba, na amsa masa da "Ya yi, Allah ya yi albarka." Ga Larabcin nan a juye a cikin hoton, ƙuru-ƙuru. Shi bai yi karatun Arabiyya mai zurfi ba, kuma daga baya na fahimci cewa wasu manhajojin zane na kwamfuta, in ba a saita su ba, haka suke yi wa Larabci, su wargaza haruffa su jera su ta hagu. Ni da na yi shekaru ina karatun Islamiyya, ni ya kamata in gani. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Malama ta ƙara tuna mini cewa wanda aka ba amana ba ya biyan abin da ya salwanta sai in ya yi sakaci, kuma wannan sakaci ne ba ko tantama.

Na nemi izinin maigida, ya haɗa ni da ƙaninsa, muka je shagon da hantsi lokacin da babu mutane. Na ɗauki riga uku a leda. Bayan mun gaisa na shimfiɗa su a kan teburinsa, ban ce komai ba. Ya duba, ya sunkuyar da kai, can sai ya jawo littafin rasit ya nuna mini rubutun da ke ƙasa, wai kayan da aka karɓa ba a mayarwa. Na ce, "Ɗana, ajiye wannan takardar. Ni ba faɗa ya kawo ni ba. Rubutun Larabci laifina ne, ka turo ban duba ba, kuma zan faɗa a gaban kowa. Fentin nan fa? Tsakaninka da Allah, ka san zai tashi ko ba ka sani ba?"

Ya daɗe bai yi magana ba. Sannan ya ce, "Wallahi Mama, kwana uku babu wuta. Janaretana ba ya ɗaukar injin gasawa. Da dutsen guga na bi su." Ashe irin fentin da suke amfani da shi ba ya bushewa da iska kamar na bango, sai an gasa shi da zafin da ya kai wajen digiri 160 kafin ya kama zare. In zafin bai ratsa shi ba, a ido lafiya lau, amma da an ja rigar sai ya tsage, da an wanke sai ya bi ruwa. Ya san haka sarai. Tsoro ya ji kada ya ce aikin ba zai yiwu a kan lokaci ba mu karɓe kuɗinmu, alhali ya riga ya sayi riguna da su.

Na tausaya masa, domin rashin wuta ba shi ya jawo ba, kamar yadda mai abincin can ba shi ya saukar da ruwan sama ba. Amma ya kawo kayan da dare ya yi shiru, nan ne ya sa jiƙaƙƙen a ƙasa. Da ya kira ni ya ce Mama ga halin da ake ciki, da mun nemi wani shagon mai babban janareta an gasa, ko mu haƙura yara su sa rigunan ba rubutu. Rubutun rasit kuwa, a mazhabarmu ta Malikiyya, sharaɗin kuɓuta daga aibi ba ya amfanar mai sayarwar da ya san aibin ya ɓoye.

Muka zauna lissafi. Mayar masa da riguna sittin a ce ya biya naira 270,000 bai taso ba: yara sun sa, an wanke, kuma riga mai sunan makarantarmu wa zai saya a wurinsa? Rigunan kansu ba su da aibi, ana iya sa su a gida. Abin da ya lalace aikin bugawa ne, naira 1,500 a kowace riga. Muka daidaita a kan shi zai ɗauki naira 1,000, ni in ɗauki naira 500 saboda sakacina. Nasa ya kama naira 60,000, nawa naira 30,000. Ya ce ba shi da su a hannu. Na ce Allah ya yi umarni a Suratul Baƙara, aya ta 280, a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu, don haka ya biya kaɗan-kaɗan. Muka rubuta a takarda, ƙanin maigida ya sa hannu a matsayin shaida.

A taron kwamiti na gaba na karanta wa iyaye komai, har da saƙon da na amsa ban duba ba. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Sannan na ce, yanzu kowace ta san haƙƙinta, naira 1,000 a wurinsa, naira 500 a wurina. Mai son ta yafe ta yafe nata, mai son ta karɓa ta karɓa, kuma kada wadda ta yafe ta harari wadda ta karɓa. Iyayen yara 22 suka yafe masa nan take, bashinsa ya dawo naira 38,000, ya biya cikin wata biyu. Ni ma da yawa sun yafe mini. Mai ƙosai ta karɓi naira 3,000 ɗinta cif, ta ce wake da mai za ta saya. Har ga Allah ban ga wadda ta fi ta gaskiya a ɗakin ba.

A nan ne na fahimci inda yafiya take zama. Tana zuwa ne bayan an san haƙƙin, an san mai shi, an san nawa ne, kuma mai shi yana da ikon karɓa ya zaɓi ya bari don Allah. Matan nan 22 sun sami ladan da ba za su taɓa samu ba da na yi shiru tun farko, domin da shirun nawa ya ƙwace musu zaɓin. Shi ma yaron ya san wa ya yafe masa, ya bi su gida-gida ya yi godiya.

Ba zan ɓoye muku ba, abin bai tafi ba tare da tabo ba. Mahaifiyarsa ta yi wata uku ba ta shigo gidana ba, kuma har yau gaisuwarmu ba ta koma kamar da ba. Tana ganin da na rufa wa ɗanta asiri na biya daga aljihun maigida. Ina fahimtarta, uwa ce. Nakan tambayi kaina ko akwai lafazin da ya fi wanda na yi amfani da shi taushi, kuma wataƙila akwai. Amma ban yi nadamar zuwa ba.

Kafin in rufe, ga 'yar nasiha ga 'yan uwa, musamman masu riƙe da kuɗin jama'a. Duk aikin da za ki bayar, a rubuta: iri, launi, yawa, rana, da abin da za a yi in an saɓa. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, don haka rubutu ba rashin yarda ba ne. Ki nemi a yi guda ɗaya tukuna, ki riƙe a hannunki, ki ja, ki wanke, ki ba wanda ya iya karatun ya duba. Kada ki biya ciko sai kin ga kaya da rana. In kin ga aibi ki yi magana da wuri, kada ki ci gaba da amfani da kayan wata da watanni sannan ki dawo, domin malamai suna ɗaukar hakan a matsayin kin yarda. Ki fara da mai aikin shi kaɗai, in ya ƙi a nemi babba a sana'arsu ko mai unguwa, hukuma ta zama ta ƙarshe.

Mu kuma da muke sana'a a cikin gida, masu ɗinki da saƙa da turaren wuta da abincin biki, mu tuna gobe mu ne a ɗaya gefen teburin. In aka dawo miki da kaya, kada ki fara da rantse-rantse. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wanda ya karɓi fasa ciniki daga Musulmi, Allah zai yafe masa tuntuɓensa. Wannan fa ko da kayanki ba su da aibi ke nan, balle in kin san akwai.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya tsare mu daga cin haƙƙin mutane da kuma wuce iyaka wajen neman namu, ya sanya albarka a sana'o'in 'ya'yanmu, ya gyara tsakaninmu da maƙwabtanmu. Amin summa amin.